Babin Yaya

Mai gyaran waya ya gama littafinsa a ƙuryar shago, tsakanin ƙarfen narka dalma da kwalin matattun batura. Masu ɗab'i suka yi ta ce masa ya dawo gobe har takalminsa ya cinye. Sai ya ɗora shi a blokcen, rumbun nan na intanet da abin da ya shiga ba ya gogewa.

Washegari ya buɗe don ya ga sunansa ya ji sanyi. Ashe tsohon kwafi ya ɗora. A ciki akwai babin da ya rubuta ranar da yayansa tela ya kore shi daga shagon ɗinki. Bai bar komai ba, har tabon goshin Yaya da yadda yake sosa ƙeya in zai yi ƙarya. Tun da suka shirya ya cire babin, amma ga shi nan ɓaro-ɓaro.

Ya kai kuka ga masu dandalin. Suka ce ya ɗora sabo in yana so, tsohon dai yana nan daram.

Mutum ɗaya ne ya sayi littafin. Babu suna, sai jerin haruffa da lambobi kamar ƙafar kaza. Kuma a makon nan Yaya bai leƙo ba, shi da kullum yake kawo waya caji yana tsokanarsa.

"Marubuci," in ji mai askin da ke maƙwabtaka da shi, "ka zura wa waya ido tun safe. Bazawara ce a ciki?"

Da abin ya ishe shi, ya ja ƙofar shago ya tafi.

Ya tarar da Yaya a kan keken ɗinki, ya rame.

"Auta! Sai yau? Zazzaɓi ya kayar da ni, ko leƙe."

"Sannu, Yaya. Dama... littafin nan ne."

"Wane littafi?"

"Wanda na rubuta."

Yaya ya tuntsire da dariya. "Kai? Kai da makaranta ta gagara? Miƙo min almakashi, ka ji."

Ya miƙa masa. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana kallon allura tana hawa tana sauka, yana jira ko za a tambaye shi labarin mene ne. Yaya ya ciji zare, ya jawo wata riga.