Fadamar Oddny

Rani ya shigo gaɓar arewacin Norway, Steinar ya ɗora ƙaramin jirgin ruwansa a kan tirela, ya duba tayoyi, ya cika jarkokin mai. Shirin ba wuya: ya ja jirgin da mota har inda kwalta ta ƙare, su tura shi teku, su bi gaɓar da ba gida ba hanya. Mahaifiyarsa Oddny yake son kaiwa fadamar da take tsinko multe, 'ya'yan daji masu ruwan zinare. Ƙafa ta fara ƙi, ita kanta ta san bana ce ta ƙarshe.

Sai gardama ta tashi a kicin. A nan ba a shiga teku sai an gaya wa na tudu inda aka nufa, don in shiru ya yi yawa a san inda za a nema. A nan kuma mutum ya gwammace ya ba ka makullin gidansa da ya nuna maka fadamarsa.

"Mu ce wa maƙwabta tsibiri muka nufa," in ji Oddny.

"Haba Inna! In inji ya mutu a je tsibiri neman wa? Ko ki faɗi gaskiya, ko in kwance tirelar nan."

Taurin kai kam a nono ya sha. Oddny ta yafa mayafi tana ƙunƙuni, ta tsallaka gidan maƙwabciyarta Borghild. Borghild fa! Matar da tun suna 'yan mata take laɓewa bayan duwatsu da madubin hangen nesa don ta ga inda jirgin su Oddny ya karkata.

Ta same ta zaune, gwiwoyi naɗe cikin bargo. Aka zuba kofi.

"Tsohuwar ɓarauniya, buɗe kunnenki, sau ɗaya zan faɗa," in ji Oddny.

Ta rage murya kamar bango zai kai rahoto: bayan dutsen da tsuntsaye suka mayar fari da kashi, a shiga lungu na hagu, a bi rafi sama.

Ta gama, ta gyara zama tana jiran ihun nasara. Borghild ta gyaɗa kai kawai.

"Na ji. In ba ku dawo ba zan kira masu ceto."

"Shi ke nan? Ba za ki turo 'ya'yanki su wawashe ba?"

"Wa zan turo, Oddny? Suna birni, a kanti suke saya. Ni ko matakalar ƙofa ta gagare ni. Masu satar duk suna maƙabarta, ƙawata."

Wani baƙin ciki ya kama Oddny, irin wanda ba ta shirya masa ba. Ta kalli kofin hannunta.

"Da kin samu dama dai kin sata ko?" ta tambaya a hankali.

"Wallahi da ko ɗaya ban bar miki ba."

Oddny ta share ido da gefen mayafi. "Na gode," ta ce.