Bangon Baba Kambai

"Ba takarda na kawo ba, Malam Gimba, ka daina kallon hannuna," in ji Rhoda, matar Baba Kambai. "Baba ne ke kiranka. Nas ta ce ba lallai ya kai Litinin ba."

Gimba yana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da mariƙinta. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin gidansa da na Baba Kambai a unguwar Moss Side. Tun da Gimba ya faɗaɗa kicinsa bara, bangon ya tsage ta ɓangaren su Baba, damshi ya cinye ɗakin tsohon, ɗansu Nehemiah ya turo takardar kotu daga Birmingham.

"Mama, lauya ta hana ni."

"Ta hana ka gaida mara lafiya?"

"Ta ce komai sai through solicitors, wato ta hannun lauyoyi."

Rhoda ta dube shi sama da ƙasa. "Mutumin da ya kai matarka asibiti ranar haihuwa. To, sannu da bin doka." Ta juya, taku huɗu ta shige gidanta.

Ya san abin da ake kiransa a kai. Tsoho zai kama hannunsa ya ce a yafi juna, shi kuma dole ya ce, "Ni ne da neman gafara, Baba." Gaskiya ce kuwa, don da idonsa ya ga maginin kicin ɗin ya sare ƙarfen da bai kamata ba, shi kuma ya yi shiru. Amma lauyar kamfanin inshora ta gargaɗe shi sau biyu: in ya amsa laifi da bakinsa, za su zare hannu, shari'a ta dawo kansa shi da gidansa.

Su'ad, matarsa, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Wallahi ka ba ni kunya."

"Idan suka kore mu, a gidan wa za ki kwana da yara? Nehemiah na ciki, waya a hannu. Kalma ɗaya zai ɗauka!"

"To ka je ka yi shiru."

"In je gaban mai mutuwa in yi masa ƙarya da shiru?"

Ya buga wa lauyar. Na'ura ta amsa cewa an tashi aiki sai Litinin. Ya bar saƙo, ya maka wayar kan kujera. Haushin kowa yake ji: Nehemiah da ya kai ƙara bai ko ƙwanƙwasa ƙofa ba, maginin da ya ɓace, ƙasar da sai ka nemi izini kafin ka ce wa maƙwabci yi haƙuri. Sau uku ranar Asabar yana sa takalmi yana cirewa.

Ranar Lahadi bayan azahar waƙar coci ta ratso bangon, a hankali, muryoyin mata. Su'ad ta ajiye abin da ke hannunta ta ja mayafi ta nufi gidan Baba, ba ta ko dubi Gimba ba.

Litinin ƙarfe tara da minti goma saƙon lauyar ya shigo. Babu laifi ya ziyarci maƙwabcinsa, in dai ba za a taɓo maganar bango ba. Ta ƙara da fatan ya ji daɗin hutun ƙarshen mako.

Gimba ya karanta a tsaye, bakin taga. A waje ma'aikata biyu suna fito da gadon asibitin da aka ara wa Baba, wanda ya cika a kai jiya, an kwance shi gunduwa-gunduwa. Rhoda ta riƙe musu ƙyauren har suka gama, sannan ta bi su da matashin kai da suka manta.