Ajiyar Inna

Tun da sabon asibitin kuɗi ya gina tandun ƙona shararsa a bayan gidansu a Inkil, Zubaida ba ta ƙara sanin kwanciyar hankali ba. Da an kunna shi sai wari kamar na roba da gashi ya cika tsakar gida, 'yarta Bintu ta fara wannan numfashin mai fito. Jin sa kaɗai yana tsinka mata zuciya.

Ta yi zarya har ta gaji kafin ma'aikatar muhalli ta turo Madam Phoebe. Matar ta ɗaure wata 'yar na'ura a jikin katanga, ta ce za ta riƙa shaƙar iskar gidan tana auna gubar ciki. In awon ya yi muni, dole a rufe tandun.

"Amana ce, Inna, a kula mini da ita," ta ce wa uwar mijin Zubaida.

Ai kuwa ta faɗa wa wadda ta san amana! Inna mace ce da ko tsintsiyar aro sai ta wanke ta mayar.

Zubaida tana koyarwa a Miri, sai la'asar take dawowa, kuma kullum takan tarar da na'urar a wurinta, fes da ita. Ta sa rai sosai.

Ranar da Madam Phoebe ta dawo, ta daɗe tana duban na'urar, fuskarta a yamutse.

"Maman Bintu, wannan ta ce iskarku lafiya lau."

Zubaida ta jawo Bintu gabanta. "Lafiya lau? Madam, ki saurari ƙirjin yarinyar nan!"

Sai Inna ta matso da fara'arta. "Yo ai ni na kula da ita. Da na hango hayaƙin nan sai in kwance ta, in naɗe a zane, in sa cikin akwati. Kayan gwamnati, in bari ya yi baƙi?"

Madam Phoebe ta sa na'urar a jaka, ta ce ita kaɗai suke da ita, mutanen Zungur ma suna jira, sai dai bayan damina a sake kawo ta.

Ba ta kai ƙofa ba warin ya sake sauka. Bintu ta fara tari. Inna ta dubi jikarta, ta dubi jakar, fara'ar ta gushe.

"Zubaida," ta ce a hankali, "wai ni na ja mata?"