Zanen Baba Bawa a Jikin Injin

Yatsan Baba Bawa Fauziyya ta fara lura da shi. Yana kwance rabi a kujerar bayan motar, kansa bisa kafaɗar matarsa Inna Kulsumu, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa na fita da kyar. Amma yatsansa na dama na buga gwiwarsa a hankali, kuma ba da numfashin yake tafiya ba. Duk lokacin da Imrana, mai tuƙin motar, ya taka totur, sai yatsan ya ƙara sauri.

Sai a sannan ta saurara. Can ƙarƙashin ƙugin injin akwai wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa.

"Imrana," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Fistin na kuka."

"Baba, ka huta. Yanzu za mu kai Gusau."

Da hantsi asibitin Kaura suka ce zuciyar ce, a wuce da shi Gusau ba ɓata lokaci. Duk layin nasu babu motar da ta kai Golf ɗin Imrana gudu, don haka ba wanda ya tsaya shawara. Fauziyya, ƙanwar Imrana, ta shiga gaba don ta riƙe takardun asibiti ta kuma yi magana da likitoci, tunda ita ce ta yi jami'a.

Wata biyu ke nan da gyaran motar. Imrana na jigilar fasinja tsakanin Kaura da Shinkafi ta Moriki, hanyar da kowane direba ke son ya bar ta da wuri saboda 'yan bindiga. Ya sa aka sassare kan injin don ya ƙara matsi, aka sa kafireto babba. Saura taimin, wato daidaita lokacin da fulogi zai ba da wuta kafin fistin ya kai sama. Wannan kuwa aikin Baba Bawa ne shekara arba'in, ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa, katanga ɗaya da gidan su Imrana. Ba ya amfani da na'ura. Yakan sassauta ƙusar distiribita, abin da ke raba wuta ga fulogogi, ya karkata kai, ya juya ta kaɗan-kaɗan yana saurare. In ya gamsu sai ya ɗauki ƙusa ya yi zane ɗaya wanda ya ratsa jikinta da jikin injin.

Imrana ya dawo gida ran nan yana ƙorafi, wai tsohon ya ɗaure masa mota. Fauziyya, wadda ta karanta injiniyanci ta dawo tana zaune ba aiki, ta buɗe littattafanta. Kwana uku tana lissafi. Ta zana masa layin yadda wuta za ta riƙa gabata yayin da injin ke ƙara juyi, ta rubuta digiri nawa a kowane mataki, ta ce a sa wa distiribitar sifirin mai laushi a kuma tura ta gaba.

"Kada ka ce ni ce," ta ce masa.

Bai ce ita ce ba. Ya aro fitilar auna taimin, ya tsaya gaban 'yan acaɓa da masu jiran gyara, ya miƙa wa Baba Bawa takardar.

"Kwamfuta ta hidda wannan. Kunnenka ya tsuhwa, Baba."

Aka yi dariya. Tsohon ya daɗe yana kallon takardar, ya miƙa masa abarsa, ya ce, "Ba da hannuna ba. Man da kuke sha bai ɗaukar haka." Imrana ya juya distiribitar da kansa, motar ta zabura har 'yan acaɓa suka tafa. Fauziyya na leƙe ta ƙofar zaure. Wannan tsohon ne ya fara kiranta Injiniya tun tana 'yar shekara bakwai, lokacin da take tsugunawa nesa kaɗan tana kallonsa. Ba ta fito ba. Abin da ya fi damunta daga baya shi ne ta ji daɗin tafin.

Sun wuce Kasuwar Daji da kaɗan allurar zafi ta hau ja. Rana ta take, mutum huɗu a ciki, tankin cike da man galan na 'yan bumburutu, don gidajen mai a rufe suke. Ƙarar ta daina ɓuya. Motar ta fara shaƙewa, tururi ya taso daga gaba, Imrana ya gangara gefen titi kusa da wata gonar dawa.

Kowa ya san ba wurin tsayawa ba ne. Imrana ya buɗe gaban motar, ya tsaya yana jiran lagireto ya huce, yana duban titi gaba da baya. Motoci biyu suka wuce cike maƙil, ba wadda ta rage gudu. Inna Kulsumu na yi wa mijinta fifita da katin asibiti tana salati ƙasa-ƙasa. Fauziyya ta duba agogon wayarta. Minti goma. Minti ashirin.

Da ya zuba ruwa ya dawo, sai ya ce:

"Ba ni da hitilar auna taimin a nan. Ban san inda zan mai da shi ba."

"Kira mini Injiniya," in ji Baba Bawa.

Ta zagayo ta durƙusa bakin ƙofarsa. Ya lalubi aljihun rigarsa, ya zaro ƙaramar sifana, lamba sha uku, wadda hannu ya goge har ta yi sheƙi.

"Malam, har asibiti da ita?" in ji Inna Kulsumu.

"Ke da carbinki, ni da tawa." Ya ja numfashi. "Ɗiyata, zanena na nan. Sa yatsa ki share maiƙon, za ki gan shi."

Ta naɗe hannun hijabinta ta sunkuya cikin zafin injin. Ta goge baƙin mai da yatsa. Ga shi nan, siririn zane ya rabu biyu, rabin da ke jikin distiribita ya wuce rabin da ke jikin injin da faɗin ƙwayar gero uku. Iyakar nisan ke nan. Ta sassauta ƙusar, Imrana ya tayar da motar, ta fara juyawa baya har layukan suka haɗu.

"Sun haɗu, Baba."

"Wuce shi kaɗan. Kun sa sifirin mai taushi." Idonsa a rufe, kansa a karkace, yatsan ya tashi sama. "Kaɗan. Kaɗan. Imrana, taka." Injin ya yi ƙugi. Yatsan ya sauka bisa gwiwa ya kwanta. "Nan. Ɗaure."

Ta ɗaure. Ta dawo ta miƙa masa sifanar, bai karɓa ba, ya riƙe wuyan hannunta da tafinsa mai sanyi.

"Lissahinki daidai ne," ya ce. "Man ne ba na littahi ba."

Ta dubi Imrana, shi kuma ya girgiza kai alamar bai faɗa ba.

"Na gane bakwai ɗinki mai ɗamara a takardar," in ji tsohon, bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi. "Wa ya rubuta mini lambobin sifanu a bango da alli?"

Ta so ta ce ya yafe mata. Sai Imrana ya ce a shiga, ta koma gaba, ta bar sifanar bisa cinyar Inna Kulsumu.

Motar ta tafi lafiya lau, ba ƙara ko ɗaya. Minti arba'in da biyu suka yi a gefen titin, ta ƙirga. A Gusau aka ɗora shi bisa gadon turawa aka shiga da shi, kafin la'asar likita ya fito ya nemi namijin da ke tare da su. Fauziyya ta bi likitan har baranda, ta tambaye shi da Turanci ko da sun zo da wuri da an cece shi. Ya dube ta, ya ce ba wanda zai iya faɗa mata wannan.

Ranar addu'ar uku, tsakar gidan Baba Bawa cike yake da mata bisa tabarmi. Fauziyya ta zauna can jikin randa inda ba a cika gani ba. Amma Inna Kulsumu ta hango ta.

"Matso, Fauziyya. Kun gan ta nan? Da ba don ita ba, a daji ran Malam zai hita. Mace ta shiga injin da hannunta ta tada shi."

"Allah shi yi miki albarka," matan suka yi ta faɗa. "Karatu bai tahi banza ba."

Inna Kulsumu ta kwance bakin zanenta ta fito da sifanar. "Ɗiyanshi duk ba mai son aikin. Ya sha ce mini duk layin ga ke kaɗai ke da kunne." Ta danƙa mata a tafin hannu ta rufe yatsunta a kai.

"Inna," in ji Fauziyya, muryarta can ciki. "Motar nan, ni ce na..."

Daidai nan muryar Liman ta taso daga waje ana shirin shafa fatiha. Inna Kulsumu ta sake ta ta ɗaga hannuwa, duk matan suka ɗaga, kawuna suka sunkuya.

Fauziyya ta ɗan jima a durƙushe. Sannan ta miƙe, ta ratsa tsakanin tabarmi, ta ɗauki takalmanta a hannu. A waje maza sun cika inuwar dalbejiya, sai wurin nan ɗaya da baƙin mai ya rine ƙasa, ba wanda ya shimfiɗa tabarma a kai. Imrana ya ɗago ya gan ta, ya ga abin da ke hannunta, ya mai da kai ƙasa. Ta bi jikin katanga ba takalmi, ta shige zaurensu.