Baƙin Tef a Wuyan Bututu

A shekarar da tattalin arziki ya durƙushe, abin da masu jawabi a rediyo suka fi son kira "ɗan matsi na wucin gadi", jama'a sun gano cewa famfon da ke ɗiga ba ya kisa. Sai a tara masa bokiti a ci gaba da rayuwa. Wannan ilimi ya bazu cikin gari da saurin gaske, kuma babu wanda ya ji shi a jika kamar Mai Famfo, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana ciyar da iyalinsa da yoyon gidajen mutane.

Wurin zamansa wata rumfa ce a gaban shagon kayan gini, inda masu sana'ar hannu ke taruwa tun da safe su jira mai ɗaukarsu aiki. Benci biyu ne a rumfar. Kowa yakan ajiye shaidar sana'arsa a gabansa, kafinta zarto, mai fenti buroshi, Mai Famfo kuma babbar sifana wadda hannunta ya yi sulɓi saboda daɗewa. A da, kafin ƙarfe tara bencin ya zama wayam. Yanzu kuwa har rana ta take suna nan, suna gardamar ƙwallo da ƙwazon da ya kamata a ce bango ake ɗagawa da shi.

Rumfar tana da doka guda, ba a rubuce ba, amma ta fi rubutattu da yawa ƙarfi: ba mai taɓa sana'ar ɗan'uwansa. In ka shiga gida gyaran ƙofa ka tarar soket ɗin lantarki ya ƙone, sai ka ce wa masu gida ka san gwani, ka dawo ka tura shi. Da haka aiki ɗaya kan haifi uku, kowa ya samu na kai wa gida.

Ta wannan hanya ce Mai Famfo ya shigar da amininsa Mai Wuta, mai gyaran lantarki, gidan Malama. Malama tsohuwar shugabar makaranta ce da ta gina bene mai sassa goma sha biyu tana ba da haya. Kowane farkon wata takan kira Mai Famfo ya zagaya banɗakuna da ɗakunan girki, ya ɗaure abin da ya saki, ya sauya abin da ya lalace. Da sauran ayyuka suka ƙafe, wannan gida ne kaɗai ya hana tukunyarsa sauka. Sai ga shi wata uku cur Malama ba ta kira ba.

A cikin waɗannan watanni Mai Wuta ya zama mutum mai son ilimi. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda suka saba shekara goma sha takwas, sai ya karkato ya ce, "Wai ni mutumina, in tankin banɗaki ya ƙi tsayar da ruwa, me ke kawo shi?"

Mai Famfo kuwa, da yake ya daɗe ba wanda ya nemi saninsa, sai ya gyara zama ya yi bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa da tsinke. Washegari tambayar ta koma kan bututun da ya toshe, wata rana kan famfon da ke kuka in an buɗe shi. Har yakan gaya wa matarsa cewa zaman banza ya mayar da abokinsa ɗalibi.

Matar ce ta gaji da jira. Wata safiya tana miƙa masa shayin da madara ta yi wa gaisuwa daga nesa, ta ce, "Maigida, ka je ka gai da matar nan mana. Gaisuwa ai ba roƙo ba ce."

"In tana da aiki za ta kira."

"In ta mutu fa, ita za ta kira ta gaya maka?"

Sai ya sa rigarsa mai dama-dama, ya jefa ƙaramar sifana a aljihu, ya kama hanya.

Ya tarar da Malama a barandarta da tabarau a karan hanci. Tana ganinsa ta ajiye jarida.

"A'a! Mai Famfo, kai ne da ƙafarka? Sannu, sannu. Yaya bayan?"

"Wane baya, Malama?"

"Naka mana. Abokinka ya ce ya riƙe, likita ya hana ka sunkuyo, shi ya sa ka turo shi ya kula maka da gidan kafin ka warke. Har cewa na yi ya gaishe ka, bai faɗa maka ba?"

Mai Famfo ya ji kamar an buɗe masa ruwan sanyi a tsakar ka. Bakinsa, wanda ya saba rufa wa abokai asiri, ya riga shi magana, ya ce, "Da sauƙi, Malama."

"Madalla. To tunda Allah ya kawo ka, leƙa mini ɗakin girki. Sau uku yana gyara wurin nan."

A ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai bokiti, ya kusa cika. Mai Famfo ya durƙusa da wannan baya da likita ya hana sunkuyo, ya leƙa. A mahaɗar bututu biyu an naɗa baƙin tef irin na wayar lantarki, an yi masa ɗauri mai kyau, gefe a kan gefe, tsaf kamar ana tsoron ruwan zai ja mutum. Babu mai gyaran famfo a duniya da zai yi wa yoyo haka. Ya warware shi a hankali, ya kwance mahaɗar. A ciki ya ga farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin bututu kafin a ɗaure, an naɗa shi ta baibai, don haka da aka murɗa sai ya tattare ya bar wa ruwa hanya. Ya tuna ranar da ya yi bayanin farin tef a rumfa. Gefen da ake naɗawa ne kawai bai faɗa ba, don bai taɓa zaton akwai mai buƙatar a faɗa masa ba.

Cikin minti goma ya gama gyaran. Ya zubar da bokitin, ya dunƙule baƙin tef ɗin ya sa a aljihu, sannan ya fito ya tsaya a gaban Malama.

"Malama, bayana lafiya lau yake. Ban turo kowa ba."

Malama ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ta yi shekara talatin tana yi wa masu kawo ƙara.

"Ashe ƙarya ya yi mini. Ban ji daɗi ba, kuma zan gaya masa." Ta gyara tabarau. "Amma bari in tambaye ka, kai ka iya gyaran wuta?"

"Ba sana'ata ba ce."

"To ka gani. Sassa huɗu a gidan nan babu kowa a ciki. Mutum ɗaya ya yi mini ruwa ya yi mini wuta, in sallame shi sau ɗaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne a wannan zamani. Ni dai ba zan shiga tsakanin abokai ba. Ku je ku daidaita a rumfarku, wanda ya zo ran ɗaya ga wata shi zan buɗe wa ƙofa."

Wannan bai dame shi sosai ba, domin ya san dokar rumfa, kuma ya san tana bayansa. Da ya isa rumfar ya tarar kowa na nan. Ya wuce kai tsaye gaban tsohon magini, wanda shi ne babba kuma mai raba gardama, ya ajiye dunƙulen tef a kan benci, ya zayyana abin da ya faru daga farko har ƙarshe, bai ɗaga murya ba.

Mai Wuta ya kalli tef ɗin, ya kalli ƙasa, sannan ya ce, "Mutumina, baki bakwai ne a gidana."

"Ni a gidana kunnuwa ne kawai?"

"Na je gyaran fitila ne ta ce famfo na ɗiga. Na ce bari in ɗan taɓa, sau ɗaya tak. Ka san abu..."

"Sau ɗaya wata uku? Kuma bayana fa, me ya yi maka da ka karya shi?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Mai Famfo ya juya ga magini ya ce, "Baba, kai ne babba. Doka dai ka san ta."

Magini ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya yi gyaran murya sau biyu. "To, ɗana, abin da ya yi bai kyauta ba. Sai dai in za a bi wannan layi, zai yi tsawo." Ya ɗan saci kallon kafinta.

Kafinta ya zabura. "Me kake kallona, Baba? Don na shafa fenti a ɗaki biyu? Shi mai fentin ba shi ya shimfiɗa tayil a shagon mai magani ba?"

"Ni na shimfiɗa!" in ji mai fenti. "Kuma da cokalin simintin Baba na yi, shi ya ara mini. Shi Baban ba shi ya sauya kan famfo a gidan surukinsa da gidan maƙwabcin surukinsa ba?"

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta ko'ina. Mai Famfo ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya gane cewa babu wanda labarin gidan Malama ya zo wa a matsayin sabo. Duk safiyar da yake zane a ƙasa da tsinke, mutum shida ne ke ɗaukar darasi, kuma duk sun san inda ake kai shi. Dokar ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne ba a sanar da shi ba.

Magini ya yanke hukunci cikin murya ƙasa-ƙasa: a jingine dokar har al'amura su daidaita, kowa ya kama abin da hannunsa ya kai.

Da aka lafa, Mai Wuta ya matso kusa. "Haba mutumina, kada wannan ya raba mu. Ran ɗaya ga wata mu tafi tare. Kai ka yi ruwan, in ta sallame ni in ba ka naka."

"Wato in zama ɗan aikinka a gidan da na kai ka."

"Ni ban ce haka ba."

"A'a, ba ka ce ba. Ka iya rufe abu da kyau, na gani."

Ran ɗaya ga wata Mai Wuta ya tafi gidan Malama shi kaɗai, aka kuwa buɗe masa ƙofa. Mai Famfo ya zo rumfa kamar kullum, don babu wani wurin zuwa. Da hantsi wata mota ta tsaya, mai ita ya sauke gilashi ya ce yana neman mai gyaran famfo, bututu ya fashe masa a bayan gida.

Mai Famfo ya dafa gwiwa ya soma miƙewa a natse, yadda ya saba tashi tun lokacin da kira irin wannan nasa ne ba gardama. Kafin ya gama miƙewa mutum huɗu sun isa jikin motar suna ture juna. Mai fenti ya fi kowa zafin nama, shi ya faɗa ciki ya ja ƙofa, motar ta tashi. Sauran ukun suka dawo suna ƙunƙuni, kafinta yana cewa an taka masa ƙafa.

Mai Famfo bai koma ya zauna ba. Ya daɗe a tsaye a bakin rumfar, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi.