Yaya Yamusa Ya Ajiye Allura

…kuma ai ba haka na ce ba. Na san abin da na faɗa, aikina ne, a kansa nake kwana nake tashi a ɗakin bincike. Cewa na yi jikin ɗan'adam da kansa yana haɗa wani sinadari mai kama da na wiwi. Mai kama, Yaya Yamusa! Yana nan har cikin fankiriyas, 'yar tsokar da ke bayan tumbi, mai fitar da insulin. In ya yi yawa sai ya dagula mata lissafi, suga ya hau. Rage shi muke nema, ba ƙarawa ba. Har yanzu ma a kan ɓeraye muke.

Tasin nan tun unguwar Gudu take rarrafe… ga gine-gine ko'ina, ga ƙarar injin kwaɓa siminti.

Murja, matarka, da safen nan a waya, muryarta ƙasa-ƙasa: wai ka ajiye allurar insulin, wani mutum a Masaka yana dafa maka ganyen wiwi kana sha kamar shayi. Wai ka ce ai ƙanwarka Mashkura likita ce, ita ta faɗa. Ni? Ranar suna, ana cin waina, kai ka tambaye ni aikina, kana murmushin nan naka —

Ba komai. Zan gyara. Na fahimtar da farfesoshi masu taurin kai, balle kai da ka goya ni. Na'urar gwaji tana jakata. Ɗigon jini ɗaya, ka ga lambar da idonka, magana ta ƙare. Gobe asibiti. Ba zan ɗaga murya a gaban yaran shago ba, ba zan ambaci ƙafar Baba da aka yanke ba… sai in ka ƙure ni.

Kasuwar Wuse. Layin 'yan atamfa. Ga ka can kana auna yadi, rigar ta yi maka yawa, wuyanka ya zurma. Yaushe ka rame haka? Ka hango ni. Ba ka yi mamaki ba, ba ka ji kunya ba, kujera kawai kake jawo mini.

Wannan ba kallon wanda ya yi kuskuren fahimta ba ne. Ka gane sarai, tun ranar. Gajiya ka yi… allura safe da yamma, har ƙarshen rai.

To wannan kuma, Yaya, da wane bayani zan fara?