Jifan Tubali a Mitchellville

Wata uku da kawo mahaifina, Baba Sirajo, gidana a Mitchellville ta ƙasar Amurka, bai yarda ya ɗaga hannunsa na dama ko sau ɗaya ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi a Zariya. Likitocin nan sun ce hannun zai iya dawowa in ya dage da motsa shi, in kuwa ya bar shi zai sandare. Shi ko ya ƙi. Sai ya zauna a falo ya ɗora hannun a cinya kamar kayan aro, in na matsa ya ce, "Muntaka, ƙyale ni." Mutumin da ya yi shekara talatin yana jefa wa magina tubali har kan katanga! Haushi nake ji, amma tsoro ya fi haushin yawa.

Ni ma ina da tawa cutar ta ranar Lahadi, wato ƙwallon Amurka. Ni da abokina Dalyop, injiniya ɗan Jos, kowace kaka sai mun jera masu jefa ƙwallon, waɗanda ake kira kwatabak, daga gwani zuwa na baya. Abin har da lissafinsa: jifa nawa aka cafe, yadi nawa aka ci, sau nawa abokan hamayya suka tare.

Wata Lahadi a 2011, bayan azahar, muna gardama a gaban talabijin ana nuno wasannin ranar, sai muka ji muryar Baba.

"Wancan mai jar riga ba jifa yake ba, harbi yake."

Dalyop ya ce, "Haba Baba, ai ya fi kowa ƙarfin hannu."

"Ƙarfi? Dubi mai cafewa. Sai da ya yi tsalle ya murɗa ƙugu. Da a kan katanga yake, da tuni ya faɗo ya karye."

Ya ce mu daina kallon mai jifa, mu kalli wanda aka jefa wa. Gwani shi ne wanda tubalinsa ke isa hannun magini daidai lokacin da ya gama hawa bai fara saukowa ba, babu nauyi, magini ko waiwaye ba ya yi.

Dalyop, don tsokana, ya nuna masa 'yan wasa shida ya ce ya jera su. Baba bai san dokar wasan ko ɗaya ba, bai san sunan kowa ba, da launin riga kawai yake kiransu. Da muka buɗe jerin da masana lissafin wasan suka fitar, huɗu sun zauna daram inda ya ajiye su. Biyun da ya sauya wa wuri kuwa, tazararsu ba ta kai maki ɗaya ba. Dalyop ya cire gilashinsa ya sake duba jerin.

Sai aka maimaito wani jifa na mai farar riga, wanda Baba ya sa a farko. Ya saki ƙwallon tun mai cafewa na gudu bai juyo ba. Ta yi yadi arba'in tana juyi a iska, ta sauka a tafin hannun mai cafewar.

"Allahu Akbar," in ji Baba a hankali. "Ya jefa inda mutum bai kai ba tukuna. Ni a shekara talatin, bai fi sau uku na yi irin wannan ba." Sannan ya ce, "Akwai irin ƙwallon nan a gidan nan?"

Na ɗauko masa tawa. Ya sa hannun hagu ya cusa ta cikin na dama, ya ɗaga shi yana rawa, gumi na tsatsafo masa a goshi. Ya jefa. Ta faɗi a kan kafet, dab da yatsun ƙafarsa.

Hawaye suka cika min ido, na taso zan rarrashe shi.

"Ina za ka?" ya daka min tsawa. "Koma bakin ƙofa ka tsaya. Dalyop, miƙo min ita."